BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: NASIHA GA MASU HAWA JIRGIN SAMA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya rana da wata su zama ma'aunin lokaci ga bayinsa, ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah a zaune da a tafiye. Nasiharmu ta wannan karo ta shafi wata tambaya da maniyyata aikin Hajji da Umra, da ƴan kasuwa, da ɗalibai masu fita karatu, suke yawan kawo wa malamai bayan salla: yaushe ya kamata matafiyi ya isa filin jirgin sama kafin lokacin tashi? Wani zai ce wannan tambaya ta ma'aikatan jirgi ce, ina ruwan mumbari da ita. To, a cikinta akwai cika alkawari, akwai kiyaye dukiya, akwai haƙƙin abokan tafiya, akwai kuma salla a kan lokacinta. Duk waɗannan addini ne.

Kakanninmu sun kama hanyar Makka a ƙasa, da jakuna da raƙuma, ta Barno da Wadai da Darfur har gaɓar Bahar Maliya. Wasu sun shekara biyu, wasu sun fi haka, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su sami guzuri, wasu kuma a hanya aka yi musu sutura. Yau Allah ya naɗe mana wannan nisa. Daga Yamai zuwa Jidda kimanin kilomita 4.000 ne, jirgi yana cinye su a awa biyar zuwa shida. Abin da wannan ni'ima take nema a wurinmu kaɗan ne: mu zo a kan lokaci. Abin kunya ne jikan wanda ya taka shekara biyu a ƙasa ya rasa kujerarsa saboda minti ashirin.

Ma'aunin lokaci

Ga amsar a taƙaice. Mai tafiya wata ƙasa ya kasance cikin filin jirgi awa 3 kafin lokacin da aka rubuta a tikitinsa, wato biye. Mai tafiya cikin gida, kamar daga Yamai zuwa Damagaram ko Agadas, awa 2 ta ishe shi. Wanda yake tare da tsoho, ko maras lafiya, ko ƙananan yara, ko kaya masu yawa, ya ƙara awa ɗaya a kan wannan. Amma alhazai masu tafiya a jirgin ayari, lokacinsu shi ne wanda hukumar aikin Hajji da Umra, wato COHO, ko ajans ɗinsu suka sanar, ko da ya ninka wannan, domin tantance mutum ɗari uku ko fiye a tashi guda yana ɗaukar lokaci.

Ku lura da kyau, lokacin da yake rubuce a tikiti shi ne lokacin da jirgi zai bar wurin da yake tsaye. Kafin nan akwai ƙofofi biyu da ake rufewa. Ta farko ita ce wurin rajista da awon kaya, wanda galibin kamfanoni suke rufewa kimanin awa ɗaya kafin tashi idan tafiyar ƙasar waje ce. Ta biyu ita ce ƙofar shiga jirgi, wadda ake rufewa minti 15 zuwa 20 kafin tashi. Saboda haka wanda ya iso saura minti 40 ya riga ya makara, ko da yana hango jirgin a tsaye da idonsa.

A tsakanin ƙofar fili da kujerar jirgi akwai matakai da ba a tsallake ko ɗaya: binciken shiga, layin awon kaya, duba fasfo da biza da takardar allura, ƴan sandan kan iyaka, duwan, na'urar binciken jiki da jakar hannu, sa'an nan zaman jiran kira. Kowane mataki yana da layinsa, kuma ba ka san yawan waɗanda suka riga ka ba sai ka je.

Waɗannan ƙa'idoji suna da dalili. Sai an gama awon kaya da ƙidayar mutane ake lissafa nauyin jirgi da yadda za a rarraba kaya a cikinsa da man da zai sha. Kowane jirgi yana da lokacin da aka ba shi na tashi da na sauka, kuma a lokacin Hajji filayen Jidda da Madina suna karɓar jirage daga ko'ina a duniya, ɗaya na bin ɗaya. Matuƙa kuma doka ta ƙayyade musu awoyin aiki, in sun cika dole su huta. Akwai wata ƙa'ida ta tsaro: idan mutum ya ba da kayansa aka loda, sa'an nan aka kira shi bai bayyana ba, sai a nemo kayan a sauke kafin jirgi ya tashi. Ga mutum guda da ya tafi ciniki ko hira ya tsayar da ɗaruruwan bayin Allah, cikinsu akwai tsofaffi da masu ciwon sukari da masu riƙe da alwala. Wannan cutarwa ce, kuma shari'a ta hana Musulmi ya cutar da ɗan'uwansa.

Karanta tikiti da kyau

Akwai kuskuren da ya sha raba mutane da jirginsu, shi ne na jiragen tsakar dare. Ana rubuta lokaci a tikiti da lissafin awa 24, kuma a wannan lissafi sabuwar rana tana farawa ne da ƙarfe 12 na dare. Idan an rubuta Talata, 01h30, to ranar Litinin da dare za ka bar gida. Wanda ya jira har ya yi sallar isha'i ta ranar Talata zai tarar jirgi ya tashi tun kusan kwana guda. A nan lissafinmu na Musulunci yana taimako, domin a wurinmu dare yana gaban yini: daren Jumma'a shi ne wanda yake shiga da faɗuwar ranar Alhamis. Haka wannan jirgi na daren Talata ne, daren da yake shiga da magaribar Litinin.

Mu lissafa tare, daga ƙarshe zuwa farko. Jirgi zai tashi ƙarfe 1 da rabi na dare. Za a rufe awon kaya wajen ƙarfe 12 da rabi. Ya kamata ka kasance a fili ƙarfe 10 da rabi. Filin jirgin Diori Hamani yana kudu maso gabashin Yamai, a kan hanyar Dosso, saboda haka ka ware awa ɗaya ta hanya, ko da masaukinka bai kai haka nisa ba, domin neman taksi da cunkoso da abin da ba a zata ba. Ke nan ƙarfe 9 da rabi, bayan ka yi isha'i, kana bakin ƙofa da kayanka a ɗaure.

Wanda zai taso daga nesa lissafinsa da kwanaki ne. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi sama da 600, daga Tawa sama da 500. Yini guda cur ne a bas, ga shingayen bincike, ga faci, ga ruwan sama da kan yanke hanya in damina ta kama. Kada wanda yake da hankali ya shirya sauka daga bas ya zarce filin jirgi. Ya taso ranar Lahadi da asuba, ya kwana Yamai, ya yini Litinin yana hutawa yana duba takardunsa. Kuɗin masaukin dare ɗaya bai kai komi ba a kan miliyoyin sefa da aka tara shekara da shekaru, wani ya sayar da shanu, wata ta sayar da amfanin gonar gado.

Wanda bai iya karatun boko ba, kada kunya ta hana shi tambaya. Ya kai tikitin wurin mutum biyu dabam-dabam su karanta masa rana da awa da sunan filin jirgi, ya kuma tabbata sunan da yake kan tikiti shi ne yake kan fasfo, harafi da harafi. A tuna kuma agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, kuma lokacin da aka rubuta na dawowa da agogon can ne.

Shirin da yake gaban ranar tafiya

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mutane da yawa sun isa fili da wuri amma lokacinsu ya ƙare a gyaran abin da ya kamata a gama tun a gida. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya mutu. Allurar sanƙarau, wadda Saudiyya ta wajabta wa alhazai, a yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa. Ta shawara ita ma sai bayan kwana 10 takardarta take fara aiki, kuma tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa allura guda ta isa har ƙarshen rayuwa, sai dai a adana takardar. Waɗannan takardu su zauna cikin ƙaramar jaka a jikinka, kada su shiga akwatin da za a loda.

A auna kaya a gida bisa kilon da aka rubuta a tikiti. Tun shekarar 2006 aka taƙaita abin ruwa a jakar hannu, kowace kwalba kada ta wuce mililita 100, saboda haka turare da man shafawa da zuma su shiga babban akwati, haka almakashi da reza da wuƙa. Batirin cajin waya kuwa akasin haka ne, a hannu ake riƙe shi, ba a loda shi. Maganin da kake sha kullum ya kasance a jakar hannu tare da takardar likita. Goro kuma, ku saurari gargaɗin da hukumomin alhazai suke yi a kansa, ku bar shi a gida.

Muna ja muku kunne da babbar murya a kan saƙon da ba ku san cikinsa ba. Mai gaggawa shi ne abin farautar mugu. A cikin rububin ƙarshe ne wani zai miƙo ƙulli ya ce don Allah Alhaji kai wa ɗan'uwana a Makka, kai kuma ba ka da sukunin buɗewa. Ƙwayoyi irin su tramadol haramtattu ne a Saudiyya, kuma hukuncin fataucin miyagun ƙwayoyi a can yana kaiwa ga kisa. Wanda aka kama kayan a hannunsa shi ne mai kaya. Duk abin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ka ba mai shi haƙuri.

Tawakkali da riƙon sababi

Wasu suna cewa in Allah ya kira ka ba jirgin da zai bar ka. Gaskiya ne babu abin da yake aukuwa sai da nufin Allah, amma wanda ya fi kowa tawakkali ya koya mana shiri. A hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a shekarar 622, Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma biyu yana kiwonsu wata huɗu kafin tafiya. An ɗauki ɗan jagora masanin hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, aka yi alkawari da shi ya kawo raƙuman kogon Sauru bayan dare uku, ya kuwa kawo su a kan lokaci. Nana Asma'u ta ɗaure guzuri. Ga rana, ga wuri, ga abin hawa, kowa ya san aikinsa. Haka kuma mutumin da ya tambayi Annabi ko ya saki taguwarsa ya dogara ga Allah, an umurce shi ya ɗaure ta tukuna sa'an nan ya dogara. An kuma ruwaito daga Ibnu Abbas cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa Hajji ba guzuri da sunan tawakkali, in sun iso sai su koma roƙo, sai Allah ya saukar da umurnin yin guzuri a cikin Suratul Baƙara. Lokaci ma guzuri ne, wanda ya zo ba shi da shi sai ya roƙi na wasu, ya ce a bar shi ya tsallake layi.

Ku tuna da ƙissar Ka'abu ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, a yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira. Sahabi ne na gaskiya, yana da lafiya, yana da abin hawa har biyu, kuma yana da niyyar fita. Kullum sai ya fita don ya yi shiri, ya dawo bai yi komi ba, yana ganin ai yana da iko a duk sa'ar da ya so. Yana cikin haka runduna ta tashi, ya yi nufin ya bi su ya riske su, wannan ma jinkiri ya cinye shi. Sakamakon haka ya yi dare 50 ba mai yi masa magana a Madina, har Allah ya saukar da karɓar tubarsa a cikin Suratut Tauba. Gobe-gobe ce ta ja masa wannan, alhali ba ya cikin munafukai. Idan ta iya kayar da sahabi, mu wane ne?

Ranar Jumma'a ma darasi ce a gare mu. Ya inganta cewa wanda ya zo masallaci a sa'ar farko yana da ladan wanda ya yi sadaka da raƙumi, na bayansa saniya, sai rago, sai kaza, sai ƙwai, idan kuwa liman ya fito mala'iku sukan naɗe takardunsu. An kuma hana mu zuwa salla da gudu, an umurce mu da natsuwa. Natsuwa kuwa ba ta samuwa sai ga wanda ya fito da wuri. Al'ummar da aka tarbiyyantar da ita a kan salloli biyar masu ƙayyadadden lokaci ita ta fi cancanta ta zama abin koyi wajen cika alkawarin lokaci.

Salla da harami

Zuwa da wuri yana ba ka damar yin alwala da salla a ƙasa, a tsaye, kana fuskantar alƙibla. A mazhabarmu ta Imamu Malik, matafiyi yana yin ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, wato kimanin kilomita 80, kuma yana farawa ne bayan ya wuce gine-ginen garinsu. Mutumin Maraɗi da ya sauka Yamai, muddin bai yi niyyar zaman kwana 4 ba, yana ƙasaru. Mazaunin Yamai kuwa ya cika sallarsa a filin jirgi, domin unguwanni sun riga sun kai can. Idan lokacin salla ya shiga kafin a kira ku, ku sallace ta kafin ku hau. Idan rana ta gota kuna ƙasa, kuma kun san ba za ku sauka ba sai bayan faɗuwarta, malamai da yawa na wannan zamani sun ba matafiyin jirgin sama sauƙin haɗa azahar da la'asar. Asuba dai ba a haɗa ta da kowace salla. In ta riske ku a sama, ku yi ta gwargwadon iko kafin rana ta fito.

Wanda jirginsa zai sauka Madina zai ɗauki harami ne daga baya a Zul Hulaifa. Amma wanda zai sauka Jidda ya zarce Makka, zai wuce daidai da miƙati yana cikin jirgi. Ya dace ya yi wankansa tun a masauki, ya ɗaura mayafan harami kafin hawa ko ya riƙe su a jakar hannu, sa'an nan ya yi niyya idan aka sanar an kusa miƙati. Wanda ya shigo a guje ya loda mayafansa cikin akwati ya jefa kansa cikin matsalar fidiya ko hadaya tun bai taka ƙasa mai tsarki ba. Kuma ku sani Saudiyya tana rufe karɓar jiragen alhazai kwanaki kaɗan kafin Arfa. Wanda ya rasa jirgin farko mai yiwuwa a sama masa wani, amma wanda ya rasa na ƙarshe sai wata shekara, in da rai da hali.

Ga masu rakiya da masu shirya tafiya

Ku masu rakiya, Allah ya saka muku da alheri, amma a yi bankwana da neman gafara da addu'a a gida, tun ana gobe tafiya. Sau da yawa jiran motar ƴan rakiya da gaisuwar ƙofa-ƙofa su ne suke cinye lokacin matafiyi. Mutum biyu sun isa su kai shi fili. Wanda yake da tsoho mai bukatar keken marasa lafiya ya sanar da kamfani kwana biyu kafin tafiya.

Mun san abin da wasu za su ce: mu ne muke zuwa da wuri, jirgin ne ba ya zuwa, alhazai sun sha kwana a fili suna jira. Wannan ya faru, kuma muna tunatar da duk wanda aka danƙa wa al'amarin matafiya cewa amana ce a wuyansa. Kiran tsofaffi su zauna a rana ba ruwa ba bayani zalunci ne, kuma za a tambaye shi. In an sami jinkiri, a faɗa wa mutane gaskiya da wuri. Amma saɓawar wani ba ta halatta maka taka saɓawar. In ka zo da wuri jirgi ya makara, ka yi hasarar awoyi, kana da ladan haƙuri. In ka makara jirgi ya zo a kan lokaci, ka yi hasarar tafiyar gaba ɗaya. Mai hankali ya san wadda zai zaɓa.

Awoyin jira kuma ba ɓatattu ba ne ga mumini. Ka karanta Alƙur'ani, ka yi zikiri da salati, ka maimaita hukunce-hukuncen aikin Hajji tare da malamin ayarinku, ka taimaki tsohuwar da ba ta san layin da za ta bi ba. Kada ka yi nisa da ƙofar shiga, kada ka yi barci mai nauyi ba wanda zai tashe ka. Haka za a yi a dawowa: a gama tsaraba da awon kaya tun da sauran kwanaki, a yi ɗawafin bankwana a kan tsarin ayari, a shiga mota lokacin da aka ce, domin daga Makka zuwa filin jirgin Jidda tafiya ce, kuma a can ma ana kiran alhazai awoyi da yawa kafin tashi.

Ya ku bayin Allah, wannan tafiya ce da aka rubuta mana ranarta da awarta a takarda, duk da haka wasu suna makara. Akwai wata tafiya a gaban kowannenmu wadda ba a sanar da lokacinta, ba a kuma ɗage ta. Wanda ya saba da biyan bashi da mayar da amana da neman gafarar mutane kafin ya hau jirgi, ya koyi shirin waccan. Mu ɗaure kayanmu tun yanzu da tuba da salla da kyautata wa iyaye da maƙwabta.

Ya Allah ka sanya albarka a cikin lokutanmu, ka tsare mu daga kasala da jinkiri. Ya Allah ka kai matafiyanmu lafiya ka dawo da su lafiya, ka karɓi Hajjin alhazanmu, ka buɗa wa wanda bai je ba hanyar zuwa. Ka ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, ka jiƙan iyayenmu da malamanmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.